Hanya a Ƙarƙashin Teku Ba Ta Jiƙa, Tamu a Kan Tudu Tana Cika da Ruwa: Ina Dalili?



Akwai wata tambaya wadda ya kamata a ce tana damun duk wanda Allah Ya ba shi damar shiga jami'a a wannan ƙasa tamu, musamman ma waɗanda ke karatun injiniya da tsarin birane. Tambayar kuwa ita ce: yaya aka yi mutanen Danmak da Jamus suke shimfiɗa hanya mai tsawon kilomita 18 a gindin teku, suna kuma da tabbacin cewa mota da jirgin ƙasa za su bi ta ba tare da ɗigon ruwa ya taɓa su ba, alhali kuwa mu a nan Kano, inda babu teku, inda damina ba ta wuce 'yan watanni, ruwan awa biyu ya isa ya mai da titi rafi, ya mai da gadar ƙasa kududdufi?

Da yawa daga cikinmu za su yi saurin cewa ai kuɗi ne, su suna da shi, mu ba mu da shi. Ni a ganina wannan amsa ta ragwanci ce. Kuɗin da Jihar Kano ta zuba a gadojin sama da na ƙasa daga shekarar 2011 zuwa yau ba ƙaramin abu ba ne. Abin da ya bambanta mu da su shi ne yadda ake tunanin aiki tun kafin a sa diga a ƙasa, da yadda ake riƙonsa bayan an yanke ƙyalle an watse. Domin in kafa hujja a kan wannan ra'ayi, wajibi ne in fara bayyana yadda ake gina irin waccan hanya, sa'an nan mu dawo gida, mu tsaya a shatale-talen Dangi mu auna kanmu.

Yadda Ake Nutsar da Hanya

Hanyoyin ƙarƙashin ruwa iri biyu ne. Akwai wadda ake haƙawa da inji can ƙasa da gindin ruwan, kamar yadda gara ke ratsa bango, irin wadda ta haɗa Ingila da Faransa a 1994. Akwai kuma wadda ba a haƙa ta, sai dai a gina ta a tudu gaɓa-gaɓa kamar rake, a ja kowace gaɓa a kan ruwa, a nutsar da ita a mazauninta, a haɗa ta da 'yar'uwarta. Wannan ta biyu ita ce maganarmu, kuma zan riƙa kiranta hanyar nutso.

Da farko akan sami wani kwari a bakin ruwa, a tare shi, a tsiyaye ruwansa ya bushe. A cikinsa ne ake zuba kankare a kan rodi, a gina wani ƙaton akwati mai rami a ciki, wanda faɗinsa zai ɗauki titin mota ko layin dogo ko kuma duka biyu. In an gama, sai a toshe bakinsa na gaba da na baya da murfin ƙarfe na wucin gadi. Daga nan sai a buɗe wa ruwa ƙofa ya cika kwarin. Abin mamaki, sai wannan akwati mai nauyin dubban tan ya taso ya yi iyo. Amma ba abin mamaki ba ne ga wanda ya taɓa ganin masuntan Argungu a kan gorunansu. Duk abin da ke da rami a ciki, muddin ruwan da ya ture ya kai nauyinsa, to, ruwa zai ɗauke shi, ko gora ne ko kankare. Wannan ƙa'ida kowane ɗan sakandare ya karanta ta.

A daidai lokacin da ake wannan gini a tudu, wasu jiragen ruwa suna can suna yasar gindin tekun, suna tona dogon rami daga gaɓa zuwa gaɓa, sa'an nan a shimfiɗa tsakuwa a cikinsa a daidaita ta sumul. In rana ta zo, wadda aka zaɓa bayan an duba iska da igiyar ruwa, sai jiragen ja su jawo akwatin zuwa saitin wurinsa. A cikinsa akwai tankuna. Sai a riƙa ɗura musu ruwa sannu a hankali har nauyinsa ya ɗara ƙarfin ruwan da ke ɗauke da shi da ɗan kaɗan. Sai ya fara nutsewa, ana riƙe da shi da igiyoyin ƙarfe, ana aunawa, har ya zauna a kan tsakuwa dab da ɗan'uwansa da aka riga aka saka.

A nan ne hikimar take. A bakin kowace gaɓa akwai wani kaurin zoben roba da ya kewaye shi. Akan jawo sabuwar gaɓa ta dafa tsohuwa har robar ta ɗan matsu. Yanzu tsakanin murfin waccan da murfin wannan akwai ɗan ɗaki cike da ruwa. Sai a zuƙe ruwan nan. Da zarar an zuƙe shi, sai ruwan tekun da ke danna ɗaya ƙarshen gaɓar ya rasa abin da zai tare shi, sai ya turo ta da ƙarfi ya matse robar gam. Ga lissafin: a kowace mita 10 ta zurfi, ruwa yana danna kowace murabba'in mita da nauyin kimanin tan 10. Ke nan in bakin gaɓa ya kai murabba'in mita 300, yana kuma a zurfin mita 20, ƙarfin da zai matse mahaɗar ya kai tan 6,000. Watau ruwan da ake tsoron ya shiga, shi aka sa ya rufe ƙofa da kansa. Bayan haka sai ma'aikata su shiga daga ciki, su cire murafen, su ƙara wata robar ta biyu saboda tsaro, su zuba kankare a daɓe domin gaɓar ta yi nauyin da ba za ta sake tasowa ba, a waje kuma a binne ta da yashi da duwatsu don kada anka ta jirgi ta taɓa ta.

Wannan dabara ba ta yau ba ce. Tun a 1910 aka buɗe hanyar jirgin ƙasa irin wannan a ƙarƙashin kogin Detroit, tsakanin Amurka da Kanada. A 1942 mutanen Holan suka buɗe tasu a ƙarƙashin kogin Maas a birnin Rotterdam, wadda aka yi da akwatunan kankare masu kusurwa huɗu, irin waɗanda aka fi yayi a yau. Ta San Francisco, mai gaɓoɓi 57, ta fara ɗaukar fasinja a 1974. Da aka yi girgizar ƙasa a 1989 wani sashe na gadar da ke saman wannan ruwa ya rufta, amma hanyar da ke ƙasa ta tsira, jirage suka ci gaba da bin ta. A 2000 aka buɗe wadda ke cikin mahaɗar Danmak da Suwidin, mai gaɓoɓi 20, kowace tan 55,000. A 2013 Turkiyya ta haɗa ɓangarori biyu na Istanbul da gaɓoɓi 11 a zurfin kusan mita 60. A 2018 ƙasar Sin ta buɗe tata a hanyar Hong Kong zuwa Zhuhai da Macau, mai gaɓoɓi 33. Ta Fehmarn kuwa, wadda na ambata da fari, gaɓoɓi 89 aka tsara mata, 79 daga ciki tsawon kowace mita 217, nauyinta ya haura tan 73,000, kuma an gina masana'anta sukutum a garin Rødbyhavn don zuba su kawai.

Ba Cewa Na Yi a Yi Mana Irinta Ba

Kada wani ya yi mini gurguwar fahimta. Ban ce a nutsar da hanya a kogin Challawa ko a Tamburawa ba. Wanda ya kawo wannan shawara, ko dai bai fahimci aikin ba, ko kuma yana neman kwangila. Hanyar nutso tana da wurinta. Ana yin ta ne inda ruwa ke da zurfin da zai ɗauki gaɓoɓin, inda kuma gada za ta tare wa manyan jiragen ruwa hanya. A mahaɗar Danmak da Suwidin, alal misali, an guje wa gada a wannan sashe ne domin yana kusa da filin jirgin saman Copenhagen, dogayen ginshiƙai za su zama haɗari ga jirage, ga kuma jiragen ruwa masu wucewa. Kogunanmu kuwa da rani yashi ne ya fi yawa a cikinsu, babu jirgin da ke bi sai kwale-kwale. Gada ta ishe mu, ta kuma fi araha nesa ba kusa ba. In akwai inda za a yi tunanin irin wannan hanya a Nijeriya, to, Legas ce, inda tasoshin jiragen ruwa suke. Kwaikwayon abu don kawai ya burge, ba tare da duba ko ya dace da ƙasarmu ba, yana daga cikin cututtukan da suka daɗe suna cin dukiyar talakawa.

Abin da nake cewa shi ne, a cikin wannan aiki akwai darussa waɗanda ba su buƙatar teku. Mu dawo gida mu gani.

Mu Tsaya a Dangi

Duk wanda ke zaune a Babban Giji, ko Gyaɗi-Gyaɗi, ko cikin Tarauni, rayuwarsa tana rataye da titin Zariya. Ta nan ɗalibi ke bi, ta nan ɗan kasuwa ke bi, ta nan kuma ake garzayawa da mara lafiya zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ba daga Kano kaɗai ba, har daga jihohin maƙwabta. A watan Yulin 2021 Shugaban Ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya buɗe gadar Dangi mai hawa uku, wadda gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta gina, da hanya a sama, da hanya a tsakiya, da hanya a ƙasa. Kafin ta, gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta 2011 zuwa 2015 ta kawo gadojin ƙasa na Kabuga da Gadon Ƙaya. An yi ta Ƙofar Ruwa, an yi ta mahaɗar titin Panshekara, an buɗe ta Hotoro a 2023, gwamnatin Abba Kabir Yusuf kuma ta ɗora da ta Ɗan'agundi da Tal'udu. Ba na cikin masu kushe waɗannan ayyuka. Wanda ya san cunkoson Dangi a da, ba zai ce ba a yi kome ba.

Amma wajibi ne mu gane abu guda: gadar ƙasa rami ce. Rami kuwa, ko a tsakiyar hamada aka haƙa shi, ran da aka yi ruwa shi ne masaukin ruwan. Ta wannan fuska ba ta da bambanci da hanyar ƙarƙashin teku, domin dukansu suna ƙasa da inda ruwa ke son zuwa. Bambancin kawai shi ne, wanda ke gini a teku yana ganin abokin gabarsa kullum, ba ya mantawa da shi ko na minti ɗaya. Mu kuwa muna gini da rani, ƙasa a bushe, ƙura na tashi, sai mu manta cewa watan Agusta na tafe.

Bari mu yi ɗan lissafi wanda ba ya buƙatar digiri. In aka yi ruwan milimita 50, wanda ba baƙon abu ba ne a tsakiyar damina, kadada guda ta kwalta da rufin kwano za ta tara lita 500,000. Wannan jarka 20,000 ke nan ta masu garuwa, mai cin lita 25. Kadada guda fa ke nan. To, kadada nawa ce ke gangaro da ruwanta zuwa titin Zariya? A da, kafin unguwanninmu su cika, gonaki da fili suna shanye wani kaso, kududdufai suna riƙe wani kaso har ya tsiyaye a hankali. Yau an cike kududdufai da shara an yanka filaye an yi gini a kai, tsakar gidaje an dafe su da siminti. Ruwan da ke sauka a kudancin birni dole ne ya nemi hanyar rafin Tatsawarki da Salanta zuwa Challawa, in kuwa bai sami magudana ba, sai ya bi titi, ya faɗa rami, ya shiga ɗakunan mutane. Ruwa ba ya ƙaruwa don ya ƙuntata mana; mu ne muka toshe masa masauki.

Kada kuma a ɗauka abin ya tsaya ga lalacewar inji da jiƙewar kaya. A watan Yulin 2023, a garin Osong na Koriya ta Kudu, kogi ya ɓalle ya cika wata gadar ƙasa cikin 'yan mintoci, motoci suna ciki har da bas ta haya, mutum 14 suka rasu. Ƙasa ce mai arziki da ƙwararru, amma ba a rufe hanyar a kan lokaci ba. Mu ma nan ba baƙin ambaliya ba ne; iyayenmu ba su manta da ɓallewar madatsar ruwa ta Bagauda a 1988 ba. Gani ga wane, in ji Hausawa, ya ishi wane tsoron Allah.

Darussa Uku

Darasi na farko shi ne a gina a masana'anta, a haɗa a wurin aiki. Masu hanyar nutso ba sa zuba kankare a cikin teku, domin sun san wurin aiki ba wurin samun inganci ba ne. Suna zuba shi a inuwa, da ma'auni ɗaya, su shayar da shi, su gwada shi, in ya ci jarrabawa sa'an nan ya fita. Dubi kuwa yadda muke gina magudanan ruwa a unguwanninmu. A tona rami a ƙofar gidajen mutane da shagunansu, a bar shi wata da watanni, yara da tsofaffi suna tsallaka katako. Ran zubi a kwaɓa siminti a kan titi da shebur, wannan kwaɓi ya yi ruwa, wancan ya yi yashi, babu mai aunawa. Kankare yana bukatar a riƙa jiƙa shi, kuma sai ya kwana 28 ake auna cikakken ƙarfinsa, amma a zafin Afrilu akan bar shi ya bushe a yini biyu, a ɗora masa mota. Damina biyu sai ka ga rodi a waje. Da a ce gaɓoɓin magudana da kwalbatoci masu kusurwa huɗu ake zubawa a fili guda, a gwada su, a kawo su a mota, da ramin da ake bari wata uku bai wuce mako ba, da kuma in gaɓa ɗaya ta fashe an cire ta an sa wata.

Wannan kuwa ba baƙon ilmi ba ne a ƙasar Hausa. Masu haƙar rijiya sun daɗe suna zuba zoben siminti a tudu, su zura shi cikin rami ɗaya bisa ɗaya har a cim ma ruwa. Masu buga bulo da kwalbati suna nan a bakin manyan titunanmu. Siminti kuma muna da shi a Sakkwato da Ashaka da Obajana. Abin da ya rage shi ne ma'auni da gwaji da mai sa ido.

Darasi na biyu shi ne mahaɗa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Injiniyoyin hanyar nutso sun san cewa ba ta tsakiyar akwati ruwa zai shiga ba, ta inda biyu suka haɗu ne, shi ya sa suka sa roba biyu a inda ɗaya za ta iya isa. A aikin Sin da na ambata, akwai gaɓar da aka jawo har wurin nutsarwa, aka tarar laka ta kwanta a kan tsakuwar, aka mai da ita baya, har sau biyu, sai a karo na uku aka saka ta. Sun gwammace asarar lokaci da kuɗi a kan su ɗora gini a kan laka. Mu kuwa ayyukanmu a mahaɗa suke mutuwa. Magudanar babban titi tana da faɗi, ta lungu tana da ƙunci, inda suka haɗu babu wanda ya tsara. Wannan ɗan kwangila ya tsaya a nan, wancan ya fara a can, tsakaninsu taku goma na ƙasa zalla. Wata magudanar ma an gina ta da kyau, amma ba ta zuwa ko'ina, ƙarshenta bangon gidan wani ne. Har hukumomi ma mahaɗarsu a tsage take: titi na Tarayya, magudana ta Jiha, shara ta wata hukuma, lungu na Ƙaramar Hukuma, ruwa kuwa bai san iyakar kowa ba.

Darasi na uku shi ne riƙo. Duk da robar nan biyu, babu hanyar ƙarƙashin ruwa da ba ta da rijiyar tara ruwa a mafi ƙasƙancin wurinta da kuma bakunanta, da injinan zuƙa, da na ko-ta-kwana, da ma'aikata masu kallo dare da rana, da ikon rufe hanya in an ga haɗari. Kowace gadar ƙasa tamu tana bukatar irin wannan gwargwadon girmanta. Inda yanayin ƙasa ya ba da dama, a fitar da ruwa ta gangare, domin gangare ba ya bukatar man fetur. Inda dole sai da inji, to, a sa biyu, da wutar da ba ta dogara da layin gari ba, tun da kowa ya san hadari da ɗaukewar wuta tare suke zuwa. A yashe rijiyoyin da magudanan a watan Mayu, kafin ruwa ya sauka, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A zana ma'aunin zurfi a bango yadda direba zai gani tun daga nesa, a kuma sa shinge da wanda ke da alhakin rufe shi. Waɗannan duka ba su kai kuɗin fitilun ado ba.

Masu Ja da Wannan Ra'ayi

Na san akwai masu cewa gaɓoɓin da aka riga aka zuba sun fi tsada, ga kuɗin mota, ga na injin ɗagawa. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. In mita hamsin za a gina a cikin lungun da mota ba ta shiga, zubi a wurin ya fi dacewa. Ribar masana'anta ba ta fitowa sai da yawa da kuma ma'auni ɗaya. Saboda haka ne nake ganin aikin gwamnati ne ta tsai da girma uku ko huɗu na magudana da kwalbati, ta ce duk wanda zai yi mata aiki a cikin birni da su zai yi. In aka yi haka, masu zubi za su sayi ƙwarangwal ɗin ƙarfe sau ɗaya su yi ta amfani da shi, farashi ya sauko. Bugu da ƙari, mai lissafin tsada ya sa har da kuɗin sake gini bayan shekara uku, da cinikin da masu shaguna suka rasa, da katifu da hatsin da ruwa ya ci.

Wasu kuma za su ce za a raba magina da leburori da abincinsu. Ni ban ga haka ba. Aikin zai tashi ne daga bakin titi ya koma fili guda, inda za a yi shi rani da damina, inda yaro zai koyi awo da ɗaurin rodi a hannun gwani, maimakon aikin yini uku a sallame shi.

Akwai kuma masu cewa laifin jama'a ne, su ke zuba shara a kwata. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, kuma mu ɗalibai ba mu fita daga ciki ba. Ledar ruwan da aka jefar ta tagar mota ba ta ɓacewa, tana can tana jiran damina. Amma injiniyan ƙwarai yana tsara aikinsa ne bisa mutanen da ke akwai, da yashin da iska ke kawowa, da sharar da ya san za a zuba. Ya sa raga, ya sa murfin da mutum biyu za su iya ɗagawa, ya bar wurin da za a shiga a yashe. Wanda ya gina hanya a teku bai ce laifin teku ne da yake da ruwa ba.

Namu Aikin

Ya 'yan'uwa, ba don mu zagi kowa na rubuta wannan ba. Da dukiyar talakawa ake koyar da mu, kuma suna da haƙƙi a kanmu. Muna da sassan injiniya a Jami'ar Bayero, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Wudil. Kowace shekara ɗaruruwan ɗalibai suna rubuta kundin kammala karatu, a ɗaure shi da bango mai kyau, a ajiye ƙura ta rufe shi. Me zai hana a raba wa ɗaliban aji na ƙarshe unguwannin Tarauni, wannan ya ɗauki Babban Giji, wancan Darmanawa, wancan Unguwa Uku, kowa ya auna magudanan yankinsa, ya zana inda suka faro da inda suka ƙare da inda suka yanke? Cikin shekara biyu za a sami taswirar da kowace hukuma za ta yi marmarin samu.

Ina kira ga Ƙungiyar Ɗalibai da ta ɗauki wannan a matsayin aikinta, ta nemi malamanmu su jagorance mu, ta kuma miƙa sakamakon ga Ma'aikatar Ayyuka da Majalisar Dokokin Jiha a rubuce, ta buga shi da Hausa domin masu unguwanni da limamai da ƙungiyoyin matasa su karanta. Ina kuma kira gare ta da ta riƙa yin tambaya uku a duk lokacin da aka zo buɗe sabuwar gada: ina ruwan zai bi, wa ke da alhakin injin, nawa aka ware don riƙonsa a kasafin baɗi? Tambayoyi ne na ladabi, kuma duk shugaban da ya yi aiki tsakani da Allah zai yi farin cikin amsa su.

Waɗanda suka nutsar da hanya a teku ba aljanu ba ne. Lissafin da suka yi amfani da shi yana cikin littattafan da ke ɗakin karatunmu. Sun dai girmama ruwa, sun auna kafin su yanka, sun kuma tsaya a kan aikinsu bayan an gama biki. In muka koyi wannan, ko ba mu taɓa gina hanya a ƙarƙashin teku ba, za mu iya tabbatar da cewa mai naƙuda da aka ɗauko daga Babban Giji cikin dare ana ruwa ta isa asibiti ba tare da mota ta mutu da ita a cikin rami ba.

Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, Ya kuma sa damina ta zame mana alheri. Amin.

Wassalam.